Wa Ke Da Zinaren Khramtsov?

Ranar Litinin 26 ga Yulin 2021, a zauren Makuhari Messe da ke Chiba, kusa da Tokyo, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Maksim Khramtsov ya hau dandamalin karɓar lambar yabo. Ya ci zinare a wasan tekwando, ajin masu nauyin kilo 80. Kujerun 'yan kallo duk wayam suke, domin annobar korona ta sa an rufe ƙofa. Shi da kansa ya ɗauki lambar daga kan tire ya rataya a wuyansa, saboda a gasar an hana masu miƙa lambobi su rataya wa 'yan wasa. Da aka ɗaga tuta, ba ta ƙasarsa aka ɗaga ba. Da aka sa kiɗa, maimakon taken ƙasarsa sai aka ji wani yanki na kiɗan fiyano na Tchaikovsky, makaɗin nan na Rasha da ya rasu tun ƙarni na 19. A allon sakamako ma ba a rubuta Rasha ba, haruffa uku aka sa, ROC, wato kwamitin Olamfik na ƙasar.

Duk wannan ɓoye suna bai ruɗa kowa ba. Kafin gari ya waye, daga Mosko har ƙauyukan Saberiya an san cewa Rasha ta ci zinarenta na farko a tarihin tekwando a gasar Olamfik. Washegari kuma abokinsa Vladislav Larin ya ƙara na biyu a ajin masu nauyi.

Shekara uku bayan haka aka yi gasar Olamfik ta gaba a Paris, Khramtsov bai je ba. Lafiyarsa ƙalau, babu kuma wanda ya doke shi a hanya. Ya samo gurbinsa da ƙafarsa, amma masu riƙe da ƙofa suka ƙi buɗe masa. Tsakanin ranar Tokyo da ranar Paris akwai tambayar da muke ganin ta fi wasa girma, kuma ba 'yan Rasha kaɗai ta shafa ba. Idan mutum ya yi abin bajinta, ƙasarsa ta ɗauka ta yi ado da shi, ta saka masa da girma da dukiya, me ya rage nasa, me ya koma na ƙasar? Idan kuma daga baya ƙasar ta aikata mugun abu, nawa ne rabonsa a cikin laifin?

Bari mu fara da abin da ba a gardama a kansa, wato aikin da ya yi. Tekwando wasan faɗa ne da ya fito daga Koriya, ya kuma zama cikakken wasan Olamfik a gasar Sidni ta 2000. Wanda ya saba kallon dambe zai ga abin a juye: a dambe hannu ne sarki, ƙafa tana taimaka masa, a tekwando kuwa ƙafa ce ke kawo ci. 'Yan wasa biyu kan sa rigar kariya a ƙirji da hular kariya a kai, kowace da na'urar da ke jin duka ta aika wa kwamfuta. A ƙa'idar da aka bi a Tokyo, naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, shuri a kai 3. Idan mutum ya juya jikinsa kafin ya kai shurin, sai makin ya zama 4 a ƙirji, 5 a kai. Turmi uku ake yi, kowane minti biyu. Wanda zai ci zinare sai ya yi irin wannan karawa sau huɗu a yini guda, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta raba shi da abin da ya yi shekaru yana nema.

Khramtsov ya tashi a Nizhnevartovsk, garin haƙar man fetur a yammacin Saberiya, a bakin kogin Ob, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa kusan rabin shekara. Yana da shekara 19 ya zama zakaran duniya a ajin kilo 74, a gasar da aka yi a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017. Masu bin wasanni a Nijar ba za su manta da gasar nan ba, domin a cikinta ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci zinare a ajin masu nauyi, shekara ɗaya bayan azurfar da ya kawo gida daga Riyo. Wanda ya tuna yadda Yamai ta tarbi Alfaga ya riga ya san irin farin cikin da muke magana a kai, ba sai an fassara masa daga Rashanci ba.

Ya shiga gasar Tokyo da karaya a hannu, kuma ba a daɗe da rasuwar mahaifiyarsa ba. A wasan ƙarshe ya haɗu da Saleh El-Sharabaty na Jodan, ya doke shi da ci 20 da 9. Akwai ɗan abin mamaki a nan: a Riyo a 2016, wani ɗan Jodan ne, Ahmad Abughaush, ya hana wani ɗan Rasha, Aleksey Denisenko, cin zinare a wasan ƙarshe na ajin kilo 68. Sai ga shi bayan shekara biyar an rama.

Wannan ɓangaren dai nasa ne. Ba shugaban ƙasa ne ya tare shuri da karyayyen hannu ba, ba minista ne ya yi ta ƙidayar lomar abinci don kada sikeli ya wuce kilo 80 ba. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, kada mu manta da wannan, domin masu yabonsa da masu ƙinsa duk sun fi son magana a kan tuta fiye da magana a kan hannun.

Sai dai idan muka tsaya a nan mun yi wa gaskiya rabin adalci. Tekwando ba ƙwallon ƙafa ba ce. Babu kulob ɗin Turai da zai sayi ɗan wasa da miliyoyi, babu filin da ke cika kowane mako. Yaron da ya tashi a garin mai a Saberiya ba zai kai Tokyo da aljihun iyayensa ba. Zauren atisaye, da albashin koci, da likita, da kuɗin jirgi zuwa gasa a Turai da Asiya, da albashin da zai sa ɗan wasa ya yi atisaye safe da yamma ba tare da neman wata sana'a ba, duk daga baitulmali suke fitowa. Tsari ne da Rasha ta gada daga Tarayyar Sobiyet, wadda ta fara shiga gasar Olamfik a Helsinki a 1952 da niyyar nuna wa duniya cewa tafarkinta ya fi na Yamma. Tun wancan zamani manyan ƙungiyoyin wasanni biyu na ƙasar, CSKA da Dinamo, ɗaya ta soja ce, ɗaya ta jami'an tsaro. Kaso mai yawa na lambobi 71 da 'yan Rasha suka ci a Tokyo, 'yan waɗannan ƙungiyoyi ne suka ci su. Saboda haka idan gwamnati ta ce tana da hannu a zinaren, ba ƙarya ta yi ba. Ta shuka, ta yi ban-ruwa.

Sai kuma ranar sakayya. A watan Satumbar 2021 aka tara waɗanda suka ci lambobi a fadar Kremlin. Duk mai zinare ya samu rubul miliyan 4 daga gwamnatin tarayya da sabuwar mota ƙirar BMW, ban da abin da jihohinsu suka ƙara musu. An ba Khramtsov lambar girmamawa ta ƙasa da ake kira Lambar Abota. Yabon gwani ya zama dole, kuma ba mu ga laifin ƙasar da ta karrama ɗanta ba. Mu da muka sha ganin gwarzayen da suka tsufa cikin babu bayan an gama tafa musu, ba mu ne za mu ce an yi wa wani alheri da yawa ba. Amma kyautar gwamnati daban take da kyautar kawu. Kawu ya ba ka ne don kai ɗansa ne, ko a ɗaki daga kai sai shi zai ba ka. Gwamnati tana ba ka a gaban kyamara, shugaba yana tsaye kusa da kai, kuma hoton nan shi ne ribarta. Daga ranar, sunanka ya zama kaya mai amfani, kuma ba kai kaɗai ke da makullin ɗakin da aka ajiye shi ba.

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, sau da yawa mai karɓar ladan bai san irin askin da za a zo nema ba. A Satumbar 2021 askin da ake hangowa bai wuce ziyarar makarantu, da tsayawa a hoto da yara, da gode wa shugabanni a gaban 'yan jarida ba. Wata biyar bayan bikin Lambar Abota, ranar 24 ga Fabrairun 2022, sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren.

Kafin mu shiga batun yaƙin, ya kamata mu koma kan tutar nan da ba a ɗaga ba a Tokyo, domin wannan ne karo na farko da laifin ƙasa ya taɓa Khramtsov. An kama Rasha da shirya wa 'yan wasanta magudin ƙwayoyin ƙara kuzari, musamman a gasar hunturu ta Sochi a 2014, sannan aka gano an taɓa bayanan ɗakin gwaje-gwaje na Mosko kafin a miƙa su ga masu bincike. A Disambar 2019 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ta duniya, WADA, ta yanke wa ƙasar hukuncin shekara huɗu. A Disambar 2020 kotun wasanni da ke Lozan ta rage shi zuwa biyu. Lokacin Sochi, Khramtsov yana da shekara 16, kuma wasansa ma ba na hunturu ba ne. Mutane da yawa sun yi wa hukuncin dariya, suka ce an hana sunan Rasha amma an bar 'yan wasanta sanye da fari da shuɗi da ja, launin tutarsu. Mu dai muna ganin akwai hikima a cikinsa, ko da ba da gangan aka yi ba. An karɓe wa gwamnati abin da yake nata, tuta da take da suna, an bar wa ɗan wasa abin da yake nasa, wato damar ya shiga fili ya gwada ƙwanjinsa. Rabon ya yi kusa da daidai.

Yaƙi ya fi wannan wuyar rabawa. Kwanaki kaɗan da fara shi, hukumar tekwando ta duniya ta janye baƙar ɗamarar girmamawa da ta ba Vladimir Putin a 2013, sannan ta dakatar da 'yan wasan Rasha da na Belarus. A Maris na 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba da shawarar a bar su su dawo ɗaya-ɗaya a matsayin 'yan ba-ruwanmu, babu tuta babu take, bisa sharaɗi biyu: kada a karɓi wanda ya fito ya goyi bayan yaƙin, kada kuma a karɓi wanda ke da kwantiragi da soja ko hukumomin tsaro. Da aka zo gasar duniya ta Baku a Azarbaijan a wannan shekara, an bar wasu 'yan Rasha sun shiga, amma an cire sunan Khramtsov da na Larin. Jami'an wasanni na Yukren sun zarge su da nuna goyon bayan yaƙin a shafukan sada zumunta. Ita Yukren ɗin ma ba ta je Baku ba, don ba ta yarda 'ya'yanta su kara da kowane ɗan Rasha ba. Kafin shekarar ta ƙare hukumar tekwando ta sake duba lamarin, ta bar su biyun suka koma fili. 'Yan Rasha suka samo gurabe huɗu na zuwa Paris. A Yunin 2024 kwamitin tantancewa na Olamfik ya fitar da sunayen waɗanda ya amince da su, babu ɗan tekwandon Rasha ko ɗaya a ciki. Ƙasar da ta kai mutum fiye da 300 Tokyo, 15 kawai suka yi wasa a Paris. Zinaren kilo 80 ya tafi Tunisiya, a wuyan Firas Katoussi.

Amsa mafi sauƙi, wadda za mu ji a kowace majalisa, ita ce a raba wasa da siyasa. Tana da daɗin faɗa, amma mu 'yan Afirka ba mu da bakin faɗarta. An hana Afirka ta Kudu shiga gasar Olamfik daga 1964 har 1992 saboda mulkin wariyar launin fata, kuma ƙasashenmu ne suka fi kowa matsawa a yi hakan. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya da Ghana, suka janye daga gasar Montiriyal don kawai an bar New Zealand ta shiga, alhali 'yan wasan rugbinta sun je wasa Afirka ta Kudu. A cikin farar fatar da aka hana gudu da iyo a waɗannan shekaru, babu shakka akwai wanda bai taɓa zaluntar baƙar fata ba. A cikin 'yan wasanmu da aka kwaso daga Montiriyal, akwai waɗanda damarsu ke nan ta ƙarshe. Mun san da haka a lokacin, muka ce abin da ake yaƙa ya fi asararsu nauyi, kuma har yau yawancinmu ba mu yi nadama ba. Wanda ya yarda da wancan ba zai wayi gari yau ya ce fili wuri ne mai tsarki da siyasa ba ta shiga ba.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi: ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurka da Ingila sun mamaye Iraƙi a 2003, a 2004 'yan wasansu suka yi fareti da tutocinsu a Atan, babu wanda ya binciki abin da suka rubuta ko suka faɗa. A Paris ɗin da aka hana Khramtsov, Isra'ila ta shiga da tutarta ana tsakiyar yaƙin Gaza. Kwamitin Olamfik yana da hujjojinsa. Ya ce Rasha ta karya yarjejeniyar ajiye makamai ta lokacin Olamfik, domin ta kai hari kwana huɗu da rufe gasar hunturu ta Beijin, sannan a Oktoban 2023 ya dakatar da kwamitin Olamfik na Rasha saboda ya haɗiye ƙungiyoyin wasanni na yankunan Yukren da aka mamaye. Hujjoji ne na ƙa'ida, kuma ba na banza ba ne, amma ba su isa su kawar da zargin cewa ana duba fuskar mai laifi kafin a ɗaga sanda ba. Ita kanta hukumar tekwando, da ta ba Putin ɗamara a 2013, ba ta karɓe ta ba da aka ƙwace Kirimiya a 2014. Sai da ta bari shekara takwas suka wuce. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Mun yarda da wannan zargi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne inda ake son kai shi. Idan alƙali ya saki ɓarawo ɗaya ya ɗaure ɗaya, abin da ya tabbata shi ne alƙalin ba adali ba ne. Bai tabbata cewa wanda aka ɗaure bai yi sata ba. Son kan masu hukunci ya ba mu dalilin neman a auna kowa da mudu ɗaya, bai ba mu amsar tambayarmu ta farko ba. Har yanzu tana nan: me ɗan wasa zai amsa a kansa?

Haihuwa dai ba laifi ba ce. Babu wanda ya zaɓi garin da za a yanke masa cibiya, kuma hukuncin da ya tsaya a kan fasfo kaɗai hukunci ne na ƙabilanci ko da an sa masa riga mai kyau. 'Yan Yukren suna da hujjar da ba za mu raina ba: suka ce ko an cire tuta, duk lambar da ɗan Rasha ya ci za a kai ta Kremlin a ɗauki hoto da ita, a nuna wa jama'a cewa duniya ta sauko. Tokyo ta nuna gaskiyarsu. Kuma wanda aka rusa zauren atisayensa da bam, wanda ya binne abokin wasansa, ba ma jin muna da ikon ce masa ya daure ya sunkuya wa ɗan ƙasar da ta yi masa haka, kamar yadda al'adar tekwando ta tanada kafin a fara karawa. Duk da haka, hana mutum sana'arsa saboda abin da wani zai yi da sunansa abu ne mai nauyi. Da shi za a iya hana kowa komai.

Albashi ya fi haihuwa rikitarwa. Yaron da ya sa hannu a takardar ƙungiyar soja yana ɗan shekara 18, don nan ne kaɗai ake biyan 'yan wasa irinsa, ba shi ne ya shirya yaƙi ba. Amma wanda ke sanye da kakin rundunar da ke luguden wuta a kan garin abokin karawarsa, da wuya a kira shi ɗan ba-ruwanmu ba tare da kalmar ta zama abin dariya ba. A nan muna ganin sharaɗin yana da tushe, ko da yake zai faɗa kan wasu da ba su cancanta ba.

Inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne baki. A watan Maris na 2022, a wata gasa a Doha, wani matashi ɗan wasan tsalle-tsalle na Rasha, Ivan Kuliak, ya manna harafin Z, alamar sojojin mamaya, a ƙirjin rigarsa, ya hau dandamali ya tsaya kusa da ɗan Yukren ɗin da ya ci zinare. Babu dokar da ta tilasta masa. A daidai wannan lokaci, ɗan wasan tanis Andrey Rublev ya rubuta a gilashin kyamara a Dubai cewa ba ya son yaƙi. Ƙasarsu ɗaya, kowa ya zaɓi abin da zai yi da idon duniya da ke kansa. Sai dai kada mu yi saurin jera su a sikeli ɗaya da ɗan tekwando. Rublev yana cin abincinsa daga gasannin duniya, yawancin shekara yana waje. Wanda albashinsa da gidansa da kocinsa duk suna hannun gwamnati, kuma yana zaune a ƙasar da ta kafa doka a Maris na 2022 mai ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da ta kira labarin ƙarya a kan soja, ba daidai yake da shi ba. Mu da ke kwance muna latsa waya, ba mu da hurumin neman wani ya zama shahidi don ya burge mu. Da an ce sai ɗan wasa ya fito ya la'anci shugabansa kafin a bar shi ya yi wasa, da mun ce zalunci ne.

Amma tsakanin la'anta da tafi akwai shiru, kuma shiru bai zama laifi a dokar Rasha ba. 'Yan wasa da yawa sun zaɓe shi. Wanda ya wuce shiru ya ɗaga murya don yaƙi, ba zai dawo ya ce shi ɗan wasa ne kawai, ba ruwansa da siyasa ba. Dalili kuwa, zinaren ne ya ba bakinsa nauyi. Akwai miliyoyin samari a Rasha da ke rubuta ra'ayinsu a intanet babu mai kula su. Ana sauraron zakaran Olamfik ne saboda minti shidan nan na wasan ƙarshe, saboda yara sun manna hotonsa a ɗakinsu, saboda jama'a sun ɗora masa girman da ya wuce iya shuri. Idan ya ɗauki wannan girma ya sa a bayan tankar yaƙi, ya kashe kuɗin da jama'a suka ba shi ajiya ne, kuma daidai ne a tambaye shi. Ba zai yiwu sunansa ya zama mai nauyi ranar karɓar mota, ya koma marar nauyi ranar amsa tambaya ba.

To, a wane ɓangare Khramtsov ya faɗa? A nan ne masu hukunci suka ba mu kunya. Hukumar wasansa ta duba ta hana shi, ta sake dubawa ta bar shi. Kwamitin Olamfik ya duba ya hana shi, ya fitar da jerin waɗanda ya karɓa ba tare da ya bayyana wa jama'a dalilin ƙin kowane mutum ba. Idan laifin mutum abin da ya faɗa ne, a kawo maganar a ajiye a fili, a bar shi ya kare kansa, kowa ya gani. Hukuncin da ba a faɗi dalilinsa ba yana yi wa kowa illa. Idan mai laifi ne, an ba shi damar ya ce don shi ɗan Rasha ne aka tsane shi, kuma gidan talabijin na gwamnatinsa zai karɓi wannan da hannu biyu. Idan marar laifi ne, an shafa masa baƙin da ba shi da hanyar wankewa. Rayuwar ɗan wasan faɗa kuwa gajera ce. Yana da 23 a Tokyo, 26 lokacin Paris, shekarun da ƙafa ta fi sauri ke nan. Lokacin gasar Los Anjalas ta 2028 zai cika 30.

Akwai kuma namu rabon, mu 'yan kallo, wanda ba mu cika son a taɓo ba. Mu ne muke mayar da mutum tuta. Ranar da ɗan ƙasarmu ya ci, ba ma cewa wane ya ci, cewa muke mun ci, alhali ba mu san sunan kocinsa ba, ba mu san ranar da ya kwana da yunwa don sikeli ba. Muna son teburin lambobi a jere ƙasa-ƙasa, muna son take, muna son hawaye a kan dandamali. Gwamnatoci ba su ƙirƙiro wannan ƙishirwa ba, sun dai gane tana nan, suka gina rijiya a kanta suka sa mai gadi. Da mutanen Rasha ba su ji zinaren Khramtsov a jikinsu kamar nasu ba, da Kremlin ba ta ɓata mota a kansa ba, da kuma babu wanda zai damu ya binciki shafinsa. Sai ranar da abu ya ɓaci mu juyo mu ce masa ya tsaya shi kaɗai, ya amsa da sunansa, kamar ba mu ne muka yi shekaru muna gaya masa cewa shi ba mutum ɗaya ba ne, ƙasa ce guda ba.

A littafin sakamakon Olamfik, layin nan na ajin kilo 80 bai canja ba. Riyo 2016, Cheick Sallah Cissé na Kwaddibuwa, wanda ya ci a daƙiƙar ƙarshe. Paris 2024, Katoussi na Tunisiya. A tsakaninsu akwai sunan Khramtsov, da haruffa uku a gabansa na wani kwamiti da aka dakatar bayan shekara biyu. A ƙarƙashin sunansa kuma akwai na El-Sharabaty, mai azurfa, wanda ya tsaya a gabansa minti shida a zauren da babu 'yan kallo, ya sha maki 20 daga mutum mai karyayyen hannu.